An Yi wa Sunan Auta Kuɗi

Bango ɗaya ne tsakanin ɗakin ɗinkina da ɗakin Baba, dattijon da muke maƙwabtaka, kuma bangon nan bai iya riƙe sirri ba. In ya yi tari ina ji, in ya ajiye kofi ina ji. Saboda haka kowace safiya, kafin in ɗora ƙafa a kan keke, ni ma sai na ji Auta ta gaishe shi, alhali da ni aka yi zaman makokinta.

"Baba, ka tashi lafiya? Ka sha maganinka? To gyara zama, ga abin da zan karanta maka yau."

Shi kuma ya amsa da muryarsa ta mai sabon tashi daga barci: "Lafiya lau. Na sha. Na gyara."

Ba aljanu ba ne, ba kuma tsufa ne ya taɓa masa kai ba. Tun da ciwon suga ya cinye masa idanu, Auta, ƙaramar 'yarsa, ita ke karanta masa komai. Da aiki ya kai ta nesa sai ta buɗe shafi a intanet, tana naɗar muryarta tana zubawa a ciki: labarai, tarihi, har da takardar da ke cikin kwalin magani. Ta sa masa wani babban maɓalli a kusurwar wayarsa, daidai inda ɗan yatsansa ke sauka. Ya danna, ta yi magana. Wasu marasa gani ma suka gano shafin suka riƙa shiga. Sunan da ta raɗa wa shafin kuwa shi ne wanda Baba kaɗai ke kiran ta da shi tun tana koyon magana. Haruffa huɗu ne, ba su da ma'ana a kowane yare, uba ne kawai ya ƙaga don ya sa jaririya dariya. Ba zan rubuta shi a nan ba.

Mota ta kashe Auta a hanyar zuwa aiki. Muryar ta zauna.

Baba yana zaune ne a gidan ɗansa, wanda kowa ke ce wa Dillali. Ba dillalin gidaje ba ne, ba na motoci ba. Sunayen shafukan intanet yake saye da arha ya ajiye, yana jiran ranar da wani zai zo nema ido rufe. Matarsa takan ce mijinta kiwo yake yi, sai dai garken nasa kullum ci yake, ba a taɓa ganin ya haihu ba. Da yake shi ne masanin kwamfuta a gidan, shi aka miƙa wa kwamfutar Auta da duk lambobin sirrinta.

Wata safiya na kai wa Baba rigarsa da na ɗinke wa aljihu, na tarar da Dillali zaune a bakin gadon, kwamfuta a cinya, baki har kunne.

"Tela, zo ki ga ikon Allah," in ji shi. "Kin san yadda ake yi wa suna kuɗi?"

"Ni da na san na yadi ma da ƙyar."

"To saurara. Da farko a duba tsawonsa, gajere ya fi tsada. Sannan in an faɗe shi sau ɗaya, mutum zai iya rubutawa ba tare da ya ce a maimaita ba? Kada a ga lamba a ciki, kada a ga ɗan layi a tsakiya. Ya ƙare da dot kom. Ya daɗe a hannu, ba a taɓa aikin assha da shi ba. Kuma in ba shi da ma'ana ya fi, don kowane kamfani zai iya sa masa tasa ma'anar." Ya buga yatsa a fuskar kwamfutar. "Shekara da shekaru ina farautar irin wannan, ashe yana cikin gidanmu. Yarinyar nan ba ta san abin da ta riƙe ba."

Baba yana shafa aljihun rigar yana duba ɗinkina da yatsu. Bai ɗago ba ya ce, "Ta sani mana. Sunanta ne."

"Haka ne, Baba," in ji Dillali. Ya rage murya ya juyo gare ni. "Abu ɗaya ya rage, ƙafa. Mai saye yana so ya ga mutane nawa ke shiga kullum. Nan ne ya ɗan yi rauni."

Na ɗauka surutun sana'a ne kawai, irin wanda mahauci ke yi in ya ga saniyar wani. Na karɓi godiyata na fita.

Ba a jima ba na ji Dillali ta bango yana magana da wata murya mai taushi da ban san yana da ita ba.

"Baba, akwai abin da ke damuna. Mutane sun fara mantawa da Auta. Masu shiga su ji ta sun ragu ƙwarai."

Sai na ji gadon ya yi ƙara.

"Sun ragu?"

"Sosai. In aka ci gaba haka, kamar ba a taɓa yin ta ba. Da za ka kira mutanenka ka tuna musu, kai ai ba za su ƙi jin maganarka ba. Su shiga kullum, su sa 'ya'yansu su shiga, kowa da wayarsa. Su yi mata addu'a."

Daga ranar Baba ya samu aiki. Dillali ya danna masa lamba, ya miƙa masa waya. Tsofaffin abokan aikinsa na ma'ajin kaya, 'yan uwan marigayiya matarsa, mutanen da rabonsa da su tun yana gani. Mutumin da ban taɓa jin ya roƙi ko gishiri ba, ga shi yana roƙo daga safe har rana ta take.

"Don Allah ka buɗe ka ji muryar 'yata. Ba kuɗi ake biya ba. Ka sa jikokinka su buɗe maka. Kullum fa, ba yau kaɗai ba."

Sai ya faɗi haruffan ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar mai ba yaro magani. Muryarsa ta dushe, matar Dillali ta riƙa kawo masa ruwan ɗumi. Da yamma ya tambayi ɗansa, "Sun ƙaru?" Dillali ya dubi wani layi da ke hawa a kwamfutarsa ya ce, "Suna ƙaruwa, Baba. Ka ƙara himma." Baba ya yi hamdala. Wallahi ban taɓa ganin sa cikin farin ciki irin na kwanakin nan ba, kuma wannan ne abin da ya fi ci mini rai har yau.

Ni ma na buɗe a wayata. Muryar Auta ta fito, amma a saman shafin ga wani jan rubutu ya ratsa daga gefe zuwa gefe: wannan suna na sayarwa ne, a tuntuɓi mai shi. Duk wanda Baba ya roƙa ya ga rubutun nan. Shi kaɗai ne ba zai gani ba.

Na sami matar Dillali tana shanya a baranda, na nuna mata.

"Ke dai bari," ta ce, ba ta ko kalli wayar ba. "Kin san kowace shekara sai an biya kuɗin sunan nan? Ga na wurin ajiyar muryoyin daban. Wa ke biya? Maganin Baba wa ke saye? Masu baki ba sa kawo ko ƙwaya ɗaya."

"Ai sai a gaya masa gaskiya."

"A gaya masa jininsa ya hau? Ke za ki kai shi asibiti?"

Na kira babbar 'yarsa, wadda suke ce wa Yaya Babba. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ja numfashi. "Tela, na gode da kulawa. Amma abin da Auta ta bari ai gado ne, dukanmu muna da haƙƙi a ciki. Kuma ita da tana raye, ba za ta so a bar dukiya tana ruɓewa ba. Maganar cikin gida ce."

Na gane an riga an yi rabo tun ba a yanka ba. Sai na shiga wurin Baba da kaina na faɗa masa abin da ke rubuce. Ya daɗe yana juya wayar a hannunsa. Da Dillali ya dawo, Baba ya kira shi, ina tsaye.

"An ce ka sa sunan ƙanwarka a kasuwa."

Dillali ya harare ni, sannan ya durƙusa. "Baba, gwaji ne kawai, in ga ko nawa za a taya. Kuma ko da an sayar, suna fa kamar allon da ke ƙofar shago ne. Kayan suna ciki, ba abin da zai taɓa su. Muryarta sai in kwashe in zuba maka a waya, ka riƙa ji ko babu data."

"Ban yarda ba."

"Baba..."

"Ni na raɗa shi. Ban yarda ba."

"To shi ke nan, an bari."

Jan rubutun ya ɓace a ranar. Na yi murna, ni wawuya. Ashe ya ɓace ne don ciniki ya riga ya faɗa.

Safiyar da abin ya faru ina zare allura. Na ji Baba ya yi tari, ya ajiye kofi, gadon ya yi ƙara, na san ya gyara zama. Sai wani kiɗa ya fashe ta bango, mai ƙarfi, da ƙarar tsabar kuɗi na zuba. Wata mace mai zaƙin murya ta kira sunan Auta, sunan nan na haruffa huɗu, ta ja shi tana rangaji. Ta ce barka da zuwa, saka kaɗan ka kwashi da yawa, yau ranarka ce.

Kiɗan ya tsaya. Ya sake tashi. Ya tsaya, ya sake tashi. Baba yana dannawa yana sake dannawa, yana zaton yatsansa ne ya kauce.

Na shiga ba sallama. Yana zaune, ya riƙe wayar da hannu biyu nesa da jikinsa.

"Tela, duba mini. Na taɓa wani wuri ne?"

Na duba. Hotunan 'yan ƙwallo, katin caca, wasu mata rabin tsirara, ga sunan Auta a sama da manyan haruffa masu walƙiya. Kamfanin caca ne ya saya.

"Ba ka taɓa ko'ina ba, Baba."

"To ina take?"

Dillali ya shigo yana ɗaura agogo. Bai musa ba. Ya ce tayin da aka yi ba a yin irinsa sau biyu, kuma mutanen sun ba shi wa'adi, in ya wuce sun tafi. Ya ce bai san 'yan caca ba ne, ta hannun wani dillalin aka bi, mai saye ba ya faɗin abin da zai yi. Ya ce ya yi ne don Baba, don magani, don a canza masa katifa.

"Na ji," in ji Baba. "Zuba mini muryar a waya, yadda ka ce."

A nan ne Dillali ya fara shafa ƙeya. Ya buɗe kwamfuta, ya rufe, ya shiga ɗaki, ya fito. Ya ce ya ɗauka ya kwashe. Ya ce tabbas ya fara kwashewa wuta ta ɗauke. Wurin ajiyar kuwa ya daina biya tun da aka fara ciniki, don mai saye ya ce abin da ke ciki ba ya cikin lissafi, suna kawai yake so, kuma masu ajiyar sun share komai. Kwamfutar Auta fa? Ya goge ta tuntuni, ya zuba nasa aikin.

"Zan rubuta musu, Baba. Wani lokaci suna da kwafi."

Ba su da shi. Mutumin da ya auna tsawon suna, ya auna shekarunsa, ya auna ƙafar masu shiga, bai taɓa zama ya saurari ko ɗaya daga cikin abin da ƙanwarsa ta karanta ba. A ma'auninsa wannan ɓangaren ba shi da nauyi.

Sai kiran waya ya fara shigowa. Mutanen da Baba ya roƙa ne. Ina ji ta bango, don yakan sa wayar a bayyane.

"Haba, abokina! Ka sa na ba jikokina shafin caca? Da girmanka?"

"Nawa suka biya ka ka yi musu talla da sunan marigayiya?"

Baba bai kare kansa ba, bai kuma ambaci ɗansa ba. "Ka yi haƙuri," kawai yake cewa. "Ka yi haƙuri, ban gani ba." Wata tsohuwa marar gani, cikin masu sauraren Auta, ta samo lambarsa ta kira tana tambaya ko an mayar da yarinyar wani wuri ne, a gaya mata ta bi ta. Ya ce mata shi ma nema yake.

Aka kawo sabuwar katifa. Aka kawo kujera mai lilo da sabuwar waya a kwali. Baba ya ce a bar masa tsohuwar wayarsa. Ya daina fitowa baranda. Shayi ya huce a gabansa, burodi ya bushe. Maganin ma sai an yi da gaske, don wadda ke tambayar ko ya sha ba ta tambaya kuma. Rigunan da nake kawo masa suka fara yi masa yawa, na riƙa rage su ba tare da na faɗa wa kowa ba. Matar Dillali ta ce tsufa ne. Dillali ya ce Baba yana da riƙo, abu kaɗan sai ya mayar da shi babba.

Yaya Babba ta zo da dabara. Suka shige kicin ita da Dillali, ta naɗi muryarta tana siranta ta don ta yi kama da ta Auta, suka ɗora a kan maɓallin. Suka tsaya a bakin ƙofa suna leƙe. Baba ya danna.

"Baba, ka tashi lafiya? Ka sha maganinka?"

Ya saurara har ƙarshe, kansa a sunkuye. Sannan ya juya fuskarsa daidai inda suke tsaye.

"Babba, muryarki ta yi kyau. Ki gaida yara." Ya miƙa wayar. "Ku mayar mini da maɓallina inda yake."

"Baba, can fa caca ce yanzu," in ji Dillali.

"Na sani. Ku mayar."

Ya ƙi cin komai sai da aka mayar.

Ranar da na kai masa wandon da na rage wa ƙugu, na tarar ya sa an kira masa Dillali. Yana zaune a kan sabuwar katifar, ya yi ƙanƙane a tsakiyarta.

"Zauna," ya ce wa ɗansa. "Aiki zan ba ka, irin naka. Yi wa sunana kuɗi."

Dillali ya yi 'yar dariya. "Haba Baba."

"Ba wasa nake ba. Sunana cikakke, da na mahaifina. In an sa shi a intanet, nawa zai yi? Ina so in sani tun ina da rai."

"Baba, don Allah ka bar wannan magana."

"Ka auna. Yadda ka auna nata."

Na dubi Dillali. Wallahi leɓɓansa motsi suke yi. Ƙirga haruffan yake, sana'a ta riga ta bi jikinsa, ba ya iya jin suna bai auna ba. Ya ga ina kallon sa, ya kawar da kai.

"Faɗi," in ji Baba. "Na ji kana lissafi."

"Ya yi tsawo," ya ce can ƙasa-ƙasa. "Kuma akwai masu irinsa da yawa. Ba mai nema."

"Ba zai yi kuɗi ba ke nan."

"Ba zai yi ba."

Baba ya sauke ajiyar zuciya, ya jingina da bango. "Alhamdu lillahi. To ni za ku bar ni in kwanta lafiya." Ya ɗaga hannu. "Tashi ka je, kada ka makara."

Dillali ya fita yana share ido, matarsa ta bi shi tana cewa kada ya sa abin a ransa, tsofaffi haka suke. Da azahar na ji shi a baranda yana waya, yana gaya wa wani cewa sunan da ya kawo masa bai da ƙafa, ya je ya nemo masu shiga tukuna.

Ba wanda ya doki Baba. Ba a hana shi abinci ba, ba a kai shi wani wuri an yar ba. In kun shiga gidan za ku ga tsoho a kan sabuwar katifa, maganinsa a jere, ku ce Allah ya yi wa 'ya'yan nan albarka. Ba kotun da za a kai ƙarar, don a takarda komai daidai yake: magada sun sayar da abin da suka gada. Abin da aka ɗauke masa ba shi da rasit. Sun sa makaho ya yi wa sunan 'yarsa talla da bakinsa, gida-gida, yana zaton addu'a yake tara mata.

Har yau, kowace safiya, ina jin tari, ina jin kofi, ina jin gadon ya yi ƙara. Sai kiɗan ya tashi, matar nan ta ja sunan tana rangaji. Yana barin ta ta faɗe shi, sai ya kashe kafin ta kai ga maganar kuɗi. Ya jira kaɗan, ya sake dannawa. Na taɓa ce masa, "Baba, kowace dannawa fa riba kake ƙara musu." Ya ce ya sani.

"To me ya sa?"

"A gidan nan ba mai faɗin sa kuma, Tela. Kunya suke ji. Ita kaɗai ta rage tana kiran ta."

Shi ya sa ban rubuta sunan ba, kuma ko kun tambaye ni ba zan faɗa ba. Za ku buɗe don ku gani, layin nan ya ƙara hawa. Jiya na tsayar da keke na kasa kunne. Matar ta kira sunan, kiɗan ya yanke. Cikin shirun da ya biyo baya na ji Baba ta bango, a hankali, yana cewa, "Na sha. Na gyara."